Wa ke yi wa mai POS na Ƙofar Ƙaura magana a Abuja?

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na tsaya cirar kuɗi wajen wani yaro mai POS a Ƙofar Ƙaura da ke birnin Katsina. Ya saka kati, na danna lambata, na'ura ta yi ta juyi. Ya miƙe ya ɗaga ta sama kamar mai neman jinjirin wata, ya zagaya bayan lema, ya dawo.

"Baba, ka yi haƙuri, sabis ne ya ɗauke."

Da kuɗin suka fita kuma sai ya ce caji ya ƙaru. Na ce haba yaro, kwanan baya ba haka muka yi da kai ba. Ya ce, "Wallahi Baba ba daga ni ba ne. Duk kuɗin da suka kai dubu goma sai an zaftare hamsin, data kuma ka san yadda ta koma."

Bai yi ƙarya ba. Harajin Naira 50 ɗin nan a Disambar 2024 aka faɗaɗa shi ya hau kan irin su OPay, Moniepoint da PalmPay. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta yarje wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari kan kira da data. Su ninki ma suka nema. Ƙungiyoyinsu, ALTON da ATCON, sun daɗe suna bin ofis-ofis da lissafinsu a rubuce: ga tsadar dizal, ga tashin dala, ga farashin da ba a taɓa ba tun 2013.

Ni ban ga laifinsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sun iya faɗa. A 2022 da aka so ɗora harajin kashi 5 kan kiran waya da data, sun yi ta ƙorafi, ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya fito fili ya ce bai yarda ba, aka jingine maganar. A Mayun 2024 Babban Banki ya umarci a riƙa cirar rabin kashi ɗaya cikin ɗari daga kuɗin da ake turawa, wai don tsaron intanet. Jama'a da 'yan kasuwa suka yi ca, ba a rufa wata ba aka janye. Dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha kuwa, da masu kamfanonin kansu aka zauna aka rubuta ta. Ɗan Daura ne ya sa mata hannu a Oktoban 2022, marigayi Muhammadu Buhari, amma ka tara matasan Daura masu sana'ar kwamfuta ka tambaye su abin da ta tanadar musu, ka sha kallo.

Abin da ke damuna shi ne, in aka ce "masu ruwa da tsaki a harkar fasaha", manyan kamfanoni ake nufi, kuma akasarinsu a Legas suke. Mai gyaran waya, mai sayar da data, mai cajin batir a kasuwar ƙauye, matar da ke tallar atamfa ta WhatsApp daga ɗakinta a Rafindaɗi, duk cikin harkar suke, sai dai ba a ajiye musu kujera ba.

Mu a Katsina mun ga abin da rashin kujerar nan ke jawowa. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Jibiya, Batsari, Faskari da Funtuwa, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai. Kusan wata uku aka yi haka. Gwaggona tana Batsari a lokacin. In muna son jin lafiyarta sai mu je tasha mu ba direba saƙo, shi ma sai in ya tuna. Kuɗin magani a ambulan muke naɗewa mu ba shi, kamar zamanin da. Masu POS suka kulle na'urorinsu a akwati, wasu suka cinye jarin. Ko matakin ya yi amfani ko bai yi ba, wannan muhawara ce ta daban. Amma hanyar cin abincin dubban mutane aka rufe, kuma ba wanda ya tara lissafin asararsu ya kai gaban hukuma yadda ALTON ke kai nata.

Ga wani misalin na kusa. A Agustan 2025 Babban Banki ya ce a ɗaure kowace na'urar POS da wurin da aka yi mata rajista, kada ta yi aiki nesa da mita 10. Dalilin mai kyau ne, a rage damfara da karɓar kuɗin fansa, kuma ba Bakatsinen da za a koya wa zafin kuɗin fansa. To amma wanda ya rubuta wannan ya san kasuwar ƙauye mako-mako take ci? Akwai yaran da sana'arsu ke nan, wata rana suna Mashi, wata rana Charanci, wata rana Mai'aduwa, su ne bankin masu hatsi da masu dabbobi. Da an tambaye su, da sun ce a yi musu rajista da jerin kasuwannin da suke ci.

Sai batun kuɗin haƙa rami don shimfiɗa wayar intanet. Kamfanoni sun yi shekaru suna kuka jihohi na tsawwala musu fiye da Naira 145 kan kowace mita da aka yi matsaya a kai. Katsina na cikin jihohin da suka yafe shi baki ɗaya. Madalla. Sai dai kamfani inda riba take can yake haƙa. Tunda mun yafe, ya kamata hukumar fasahar sadarwa ta jiha, KATDICT, ta riƙa faɗa wa jama'a kilomita nawa aka shimfiɗa kowace shekara, da kuma ko wayar ta doshi Baure da Sabuwa ko a GRA ta tsaya.

Ƙofar ma ba a rufe take ba. NCC da Babban Banki sukan fitar da daftarin ƙa'ida su nemi jin ra'ayi kafin su zartar, amma da Turanci, a shafinsu na intanet, da ɗan gajeren wa'adi. Me zai hana a karanta irin wannan daftari da Hausa a Companion FM da gidan rediyon jiha? Malaman shari'a na Jami'ar Umaru Musa Yar'adua su zauna da masu sana'ar wuni guda, a fitar da takarda shafi biyu, a aika. Ba ta fi ƙarfinmu ba.

Kafin in tashi na tambayi yaron ko suna da ƙungiya. Ya ce suna da ita mana, har da shugaba da ma'aji, suna karo-karo in ɗayansu zai yi aure ko suna. Na ce kun taɓa rubuta wa Babban Banki takarda? Ya yi dariya, ya ƙirgo kuɗina, ya cire ɗari uku.