Ranar Da Na Yi Wa Surukina Fassarar Fim Ɗin Dodo

Surukina ya zo ganin likitan ido, zai kwana biyu a gidanmu. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aurena, amma har yau in muna ɗaki ɗaya da shi ba na sanin inda zan ajiye hannuna. Dalilin kowa ya sani a dangi, ba a dai faɗa: tun farko ba ni ya so ba. Akwai ɗan wansa, dogo, fari, mai mota, shi aka yi wa tanadi. Yarinya ce ta kafe.

Bayan isha'i aka kawo wuta, yara suka tasa ni a gaba sai na kunna musu katun. Na ce su yi haƙuri, Baba na hutawa. Shi kuwa ranar ya karɓo sabon tabarau, neman abin kallo yake yi. Ya ce, "Ƙyale su, mu ma mu gani."

Suka zaɓi Shrek 2, cikin waɗanda aka tura min a filashi a shagon bakin titi. Na farkon, na 2001, na kalle shi tun ina saurayi. Abin da na riƙe kawai shi ne koren dodo, da gimbiya, da jaki mai surutu da muryar Eddie Murphy, ana ta yi wa tatsuniyoyin Turawa shaƙiyanci. Wannan na biyun, na 2004, ban taɓa gani ba. Na ce a raina, ai katun ne, me zai faru?

Minti biyar ba a yi ba Baba ya ce, "Me suke cewa?" Daga kicin uwargida ta jefo, "Baba, ai baban yara ya iya Turanci, zai fassara maka." Allah ya yafe mata.

Na gyara zama gefen tabarma na fara. Dodo ya auri 'yar sarki. Sun hau keken doki mai kama da albasa za su gaida iyayen amarya, jaki yana baya yana ta tambaya ko an iso. Baba ya yi dariya, ya ce haka jikokin nan suke yi masa a mota. Har na fara jin daɗin aikin, ina canja murya irin ta masu fassarar fim ɗin Indiya.

Sai aka isa fada. Sarki ya ga mijin 'yarsa, fuskarsa ta canja. Tawa ma ta canja.

Aka zauna cin abinci, suruki da suruki suna harare-harare, kowa na yagar nama da ƙarfi kamar ɗan'uwansa yake yaga. Baba ya matso da tabarau. "Yanzu fa?"

Na ce, "Gaisawa suke yi, Baba. Yana tambayarsa ya hanya."

Babban ɗana, wanda ashe ya kalli fim ɗin ya fi sau goma ina wurin aiki, ya ce, "A'a Abba! Cewa yake ba ya son jikokinsa su zama dodanni. Shi wani ya so ta aura, mai kyau, mai gashi."

Baba ya ce, "Iye."

Wannan iye ɗin, da mari aka yi min da ya fi sauƙi. Na shiga addu'ar a ɗauke wuta. Wutar da a unguwarmu ba ta awa ɗaya ba ta ƙifta ba, ranar ta zauna daram kamar ita ma kallo take.

Da sarki ya shiga mashaya ya ɗauki hayar mage mai takalmi da takobi ta kashe masa suruki, na ce likita ya je nema. Yaro ya gyara min. Da dodo ya sha maganin bokanya mai fukafukai ya zama kyakkyawan mutum, jaki ya zama farin doki, Baba ya dube ni sama da ƙasa, ya tsaya a tumbina, bai ce komai ba. Da aka zo batun sumba kafin sha biyun dare, na ce addu'a za a tofa mata. Wannan yaron bai gyara ba, don na taka masa ƙafa. Ana haka aka nuno Pinocchio, ɗan katakon nan da hancinsa ke tsawo in ya yi ƙarya, sai auta ta hau cinyata ta kama hancina tana aunawa da yatsa.

Can ƙarshe asiri ya tonu: sarkin nan ashe kwaɗo ne, bokanya ce ta mai da shi mutum, shi ya sa take juya shi. Ya koma kwaɗonsa a gaban jama'a, ya ba wa surukinsa haƙuri, ya karɓe shi. Wannan kam ko fassara ba ta buƙata. Falo ya yi tsit. Uwargida tana bakin ƙofa da faranti, kafaɗunta na rawa.

Auta ta nuna ni ta ce, "Abba ne Shrek." Ta juya ta ɗaga yatsa wajen kakanta. Ban san lokacin da na cusa mata ƙosai a baki ba.

Baba ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce, "Kwaɗon nan dai ya yi hankali daga baya. Amma shi ma dodon, ai da ya zo gaisuwa da ya durƙusa." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." A lokacin a durƙushe nake, ban ma sani ba.

Da safe muna shan koko ya ce a tura masa fim ɗin a waya, zai nuna wa Hajiya. Sannan ya tambaya ko akwai ci gaba. Kafin in buɗe baki yaron nan ya ce, "Akwai na uku, Kaka! A nan ne kwaɗon yake mutuwa, tun a farko-farko."

Na ce filashin ya lalace. Auta ta ajiye kofinta, ta miƙo hannu wajen hancina.