Ku kula da ruwan da ke shiga hancinku

'Yan'uwana matasa, idan zafi ya tsananta kowa ruwa yake nema, ko tafki ne, ko kogi, ko wurin iyo. To, akwai wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, amiba ce mai suna Naegleria fowleri, wadda ita ma zafin take so. Tana zaune a ruwa mai ɗumi wanda ba na gishiri ba, cikin lakar gindin tafki, da tankin da ya daɗe ba a wanke ba, da bututun da sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta ya yi ƙaranci a cikinsa. A Ostireliya likitoci suka fara bayyana cutarta a 1965.

Ita wannan ba ta baki take kama mutum ba, ta hanci take shiga. Ka yi tsalle ka faɗa ruwa, ruwan ya kutsa hancinka da ƙarfi, sai ta bi jijiyar jin ƙamshi ta haura ƙwaƙwalwa. Cikin 'yan kwanaki sai ciwon kai mai tsanani, zazzaɓi, amai, wuya ya sanƙare, har a zaci sanƙarau ne. Gaskiya ba kasafai ake kamuwa ba, amma wanda ya kamu da wuya ya tashi, fiye da kashi 97 cikin 100 mutuwa suke. A Amurka mutum sama da 150 sun kamu tun 1962, huɗu kacal suka rayu.

Kada ku ce ai ruwan famfo ba ruwansa da wannan. A jihar Luwiziyana ta Amurka mutum biyu sun rasu a 2011 bayan sun wanke hancinsu da ruwan famfo. A Karachi ta Pakistan ma an yi ta rasa matasa majiya ƙarfi waɗanda ko iyo ba su yi ba, likitoci suka danganta abin da shaƙa ruwan da bai samu isasshen kulorin ba. Wannan ne ya fi tayar min da hankali, domin ruwan garau yake, babu wari babu datti.

Wata amibar kuma, Entamoeba histolytica, ta baki take shiga idan bahaya ya gurɓata ruwan sha. Ita ke kawo atuni mai jini da majina, wani lokaci har ta sa mugunya ta taru a hanta.

Don Allah, in za ku yi iyo a ruwa mai ɗumi ku toshe hanci, ku bar nutso da tono laka. Ruwan sha da na wanke hanci a tafasa shi na minti ɗaya a bari ya huce. Ku riƙa leƙa tankin gidanku. In kuwa ƙaninku ya dawo daga iyo ya kama kai yana amai, a garzaya asibiti a ranar, kuma a gaya wa likita cewa ya shiga ruwa.