Kifin gaske a bayan kifin katun

Akwai wani lif a Amurka da ya yi shekara 19 yana yi wa jama'a ƙarya, kuma har gobe akwai masu kewarsa. Ni ma ina cikinsu, sai dai dalilina ba irin nasu ba ne.

A EPCOT, ɗaya daga cikin wuraren shaƙatawa na Disney da ke kusa da Orlando a jihar Florida, an buɗe wani gidan kifi a watan Janairun 1986, ana ce masa The Living Seas. Tankinsa yana cin galan miliyan 5.7 na ruwan gishiri, lita sama da miliyan 21 ke nan, kuma a lokacin babu kamarsa a duniya, sai da aka buɗe na birnin Atlanta a 2005 sannan ya sauka daga kan kujerar. To amma ba daga shigarka za ka ga kifi ba. Sai an nuna maka ɗan gajeren fim kan teku, sannan a shigar da ku wani ɗaki mai kama da lif, wanda suka laƙaba wa Hydrolator, a rufe ƙofa. Ƙasan ɗakin ya ɗauki rawa, kumfa na tashi ta gefe, bangon dutse na wucewa sama, kai kuwa jikinka ya gama ba ka cewa nutsewa kake yi zuwa ƙasan teku. Alhali duk motsin lif ɗin bai wuce inci biyu ba. Ƙofar ɗaya gefen ta buɗe, ka hau wasu 'yan motoci su bi da kai ta tsakiyar tankin, kifaye na wucewa ta bayan gilashi, har su sauke ka a wurin da aka shirya kamar tashar bincike ta ƙarƙashin ruwa, Sea Base Alpha.

Daga baya abin ya fara saki. Kamfanin United Technologies da ke ɗaukar nauyin wurin ya janye a 1998, 'yan motocin suka daina aiki a 2001. Sai ga fim ɗin Finding Nemo na kamfanin Pixar a 2003, ya ci kasuwa iya ci, yaran duniya suka haddace sunan ɗan kifin nan ruwan lemo mai ratsin fari. Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba. A 2005 aka rufe wurin don gyara, aka cire lif ɗin da fim ɗin share fage, aka miƙa hanyar motoci ta inda suke, aka sa kujeru masu siffar katantanwar ruwa. Wajen ƙarshen 2006 aka soma hawa, a Janairun 2007 aka yi bikin buɗewa da sabon suna, The Seas with Nemo & Friends.

Kafin in yi suka, bari in ba masu wurin haƙƙinsu, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gidan kifi ba lilo ba ne da za ka kashe wuta ka rufe da tamfol har a gama gyara. Ko ana fasa bango a waje, injinan tura ruwa ba sa tsayawa dare da rana. Kashin kifi da ragowar abinci suna sakin amoniya, wadda guba ce gare su. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin matatar ruwan su ke juya ta zuwa abin da ba ya kisa da wuri. Su ma ƙwayoyin sai da ruwa mai gudu da iska suke rayuwa, in injin ya daɗe a tsaye suka mutu, kifayen na biye da su. Ga masu nutso da ke shiga wankin gilashi da rabon abinci, ga likitocin dabbobi, ga auna gishiri da ɗumin ruwa kullum. Duk wannan kuɗi ne, ko mutum dubu suka zo ranar ko mutum goma. Wurin da mai ɗaukar nauyinsa ya tafi dole ya nemo abin da zai jawo ƙafa, kuma babu abin da ke jawo ƙafar iyaye kamar yaro ya kafe sai an kai shi. Na yarda da wannan. Har wasan kunkurun nan da suka soma a 2004, inda kunkurun katun ke hira da yara kai tsaye, yana amsa tambayarsu nan take saboda akwai mutum a ɓoye da ke magana yana sarrafa shi, ni dai na sara masa. Gwaninta ce.

Inda muka raba gari da gyaran shi ne nan. Da da yanzu duk wayo ake yi wa mai kallo, amma wayon bai fuskanci wuri ɗaya ba. Lif ɗin ƙarya aikinsa ya rage maka sauri. Ka fito daga rana da hayaniya da layi, a sa ka cikin duhu, a sa zuciyarka ta yarda ka yi nisa da duniya, ta yadda in aka buɗe ƙofa ka ga kifi na gaske za ka kalle shi kallon wanda ya sha tafiya kafin ya same shi. Ƙaryar tana ƙarewa daidai bakin gilashi, daga nan gaskiya ta karɓa. Yanzu kuwa, a ƙarshen hawan, ana haska hotunan kifayen katun ta yadda za ka gan su kamar suna iyo cikin tankin tare da na gaske, suna waƙa. Fasaha ce mai kyau, ban musa ba. Amma ku gaya mini tsakani da Allah, yaro ɗan shekara biyar wa zai kalla? Mai launi, mai manyan idanu, mai baki yana rera waƙa, ko wani toka-toka da ke wucewa a bayansa bai ce uffan ba? Tankin da aka gina dukkan ginin dominsa ya koma labulen da ake haska hoto a kai. Garin neman gira ke nan.

Abin da ya fi ba ni takaici, kifin na gaske ya fi na katun ban mamaki nesa ba kusa ba. Irin kifin nan ruwan lemo yana zaune ne cikin wata halittar teku mai kama da fure wadda ke harbin sauran kifaye, shi kuwa yauƙin jikinsa na kare shi. Dukkansu maza ake ƙyanƙyasarsu. Wanda ya fi girma a gidan shi ke komawa mace, in ta mutu, namijin da ke biye da ita ya rikiɗe ya maye gurbinta. Ɗaya kifin fim ɗin kuma, shuɗin nan da yara ke so, sai a 2016 masu bincike a Jami'ar Florida suka iya hayayyafa shi a tanki. Kafin nan duk wanda ka gani a gilashin wani daga teku aka kamo shi. Wannan ai labari ne da zai sa yaro ya buɗe baki ba tare da an haɗa masa da waƙa ba.

Kada masu kewar da su ɗauka ina bayansu ɗari bisa ɗari. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma wasunsu ba kifin suke kewa ba, ƙuruciyarsu suke kewa. A 2024 da aka kwashe dolfin uku da suka rage, dabbobin tekun nan masu kama da manyan kifaye, aka kai su wani gidan dabbobin ruwa mai suna Gulfarium da ke Fort Walton Beach, an yi ta jimami kamar an rushe wani ɓangare na tarihi. Ni ban ji zafin wannan ba ko kaɗan. Dabbar da ke tafiyar kilomita masu yawa a teku, zamanta cikin gini don a leƙe ta ta gilashi ba abin da zan yi wa kuka ba ne in ya ƙare. Ba kowane canji ne gyaran gangar Auzinawa ba.

Wanda nake so a fito da shi gaba shi ne ayu. Gidan ya daɗe yana karɓar ayun da suka ji rauni ko suka rasa uwa, a yi jinyarsu. Da yawa daga ayun Florida suna ɗauke da tabon farfelar jirgin ruwa a gadon baya, kuma a 2021 kaɗai fiye da 1,000 suka mutu a jihar, akasari saboda yunwa, bayan gurɓacewar ruwa ta kashe ciyawar da suke ci. Ka tsaya gaban dabba mai nauyin ɗaruruwan kilo tana taunar latas a hankali, ga tabo a jikinta, wani ma'aikaci na gaya maka yadda aka tsinto ta. Wannan yana nan cikin ginin. Sai dai sai ka sauka daga kujerar, ka ƙi bin ƙofar fita, ka neme shi da kanka.

Da za a sake gyara a nemi shawarata, ba zan ce a dawo da lif ba, ba kuma zan ce a kori kifin katun ba, tunda shi ke biyan kuɗin gishirin. Abu ɗaya zan roƙa: a taga ta ƙarshe, kafin kujerar ta tsaya, a kashe hoton, a kashe waƙar, na daƙiƙa goma kacal. A bar yaron cikin duhu da shuɗin ruwa, kunkurun teku ya zo ya wuce ta gabansa a nasa saurin.