Kyanwar da ta saki jiki a hannu: yarda ce ko tsoro?

Akwai kyanwar da za ka ɗauka ta langaɓe a hannunka, ta ɗora kai a kan damtsenka, ƙafafunta suna lilo, har ka ji duk nauyinta ya sauko maka. Akwai kuma wadda da zarar ƙafafunta sun bar ƙasa sai ta fara mutsu-mutsu da yakushi. Mutane da yawa suna kiran ta farko mai hali, ta biyu kuma muguwa, amma ni ina ganin wannan hukunci zalunci ne, domin a wurin kyanwa rabuwa da ƙasa yana nufin ta rasa hanyar gudu, alhali gudu shi ne babbar garkuwarta. Saboda haka wadda ta saki jiki ita ce abin tambaya.

Babban dalili shi ne sabo tun ana ƙanana. Binciken da Eileen Karsh ta yi a Amurka a shekarun 1980 ya nuna cewa tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa ne ɗan kyanwa yake koyon ko hannun mutum abin dogaro ne. Wanda aka riƙa ɗauka a hankali kullum a wannan ɗan lokaci yakan girma yana neman mutane, wanda kuma bai taɓa jin hannu ba sai bayan nan, da wuya ya saki jiki gaba ɗaya, ko da an yi masa kirki shekara da shekaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gado ma yana da nasa rabo: wata mai bincike, Sandra McCune, ta wallafa a 1995 cewa 'ya'yan muzuru mai son mutane sun fi kusantar mutum ba tare da fargaba ba, duk da cewa ba su tashi tare da ubansu ba. Irin da ake kira Ragdoll, wanda Ann Baker ta fara kiwo a Kaliforniya a shekarun 1960, ya yi suna ne a kan wannan langaɓewa, har aka yi ta yaɗa cewa ba ya jin zafi. Wannan ƙarya ce mai haɗari, yana jin zafi kamar kowace kyanwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar kowane irin shiru a matsayin jin daɗi. Uwa takan kama ɗanta da baki ta fatar ƙeya, shi kuma nan take ya naɗe jela da ƙafafun baya ya daina motsi, domin ta kai shi inda za ta kai ba tare da ya faɗi ba. Wasu sun ga haka sai suka mai da shi dabarar riƙe babbar kyanwa, su cafke ta ta ƙeya ta sandare, su ce ta natsu. Ba ta natsu ba, ta rasa yadda za ta yi ne, ga kuma nauyin jikinta da fatar wuya kaɗai ba za ta iya ɗauka ba. Shi ya sa ƙungiyoyin likitocin dabbobi da dama suka daina ba da shawarar yin haka.

Bambancin a bayyane yake ga mai lura. Kyanwar da ta yarda da kai tsokokinta suna laushi, idanunta a lumshe, tana ƙiftawa a hankali, kunnuwanta suna fuskantar gaba. Wadda tsoro ya daskarar da ita kuwa, jikinta a ƙame yake, baƙin idonta ya buɗe sosai, kunnuwa sun kwanta baya, bakin jela yana bugawa, numfashi yana sauri. Ko gurnanin da take yi ba hujja ba ce ita kaɗai, domin kyanwa takan yi shi har lokacin da take ciwo.

Yadda ake riƙon ma yana sauya komai. A sa hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi ƙafafun baya, a jingina ta da jiki, a kuma sauke ta da zarar ta fara neman sauka, kafin ta kai ga fitar da farce. Kyanwar da ta san za a sake ta idan ta nema ita ce take daɗewa a hannu. Idan kuwa wadda ba ta taɓa son ɗauka ba ce ta wayi gari ta langaɓe, ta ƙi abinci, kada a yi murna cewa ta sauya hali, a hanzarta kai ta wurin likitan dabbobi.