Sarkin Barci a Bangon Kawu

Ni mutum ne mai tsari, ko kuwa in ce haka nake gaya wa mutane. A manhajar da nake gyaran hoto da ita ina da saiti biyu na fitar da hoto, ɗaya na sa masa suna BUGU, ɗaya WAYA, kuma na fi shekara uku ban canza komai a cikinsu ba. Har alfahari nake yi da su.

Ga wanda bai saba da harkar ba, idan ka gama gyaran hoto a irin waɗannan manhajoji, ɗanyen fayil ɗin da kyamara ta ɗauka yana nan yadda yake, ba a taɓa shi ba. Gyaranka umarni ne kawai da aka rubuta a gefe. Sai ka zo fitar da hoton sannan manhaja ta tsare ka da tambayoyi kamar ɗan sanda: wane irin fayil, JPEG ko TIFF? Fiksel nawa, wato 'yan ɗigo-ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto? Inganci nawa cikin 100? Wane tsarin launi? A sa tambari ko kada a sa? A zuba a wace folda? Saiti shi ne amsoshin da ka bayar sau ɗaya ka ajiye, don kada a riƙa yi maka tambayar kullum. BUGU nawa yana fitar da cikakken hoto, fiksel 6000 a tsawo 4000 a faɗi, inganci 95, launi sRGB, babu tambari. WAYA kuwa ƙarami ne, na turawa kawai.

To, wani dare bayan an yi zaman 'yan uwa, ina duba hotunan da na ɗauka sai na ci karo da autanmu a kan kujera, kai ya karkace, baki a hangame, barci ya yi awon gaba da shi. Shaiɗan ya ce min, ai wannan ba a bari ya wuce. Na buɗe wurin fitarwa, na rage tsawon zuwa fiksel 600, na sauke inganci zuwa 30 don ya tafi da sauri, na kunna tambari na rubuta SARKIN BARCI da manyan baƙaƙe farare tas a ƙasan hoton. Na tura masa. Ya aiko min da zagi iri uku, na kwanta ina dariya.

Amma kafin in kwanta sai da na yi wata dabara. Na ce tunda Auta ba zai daina barci a cikin mutane ba, bari in ajiye wannan tsarin a kan WAYA don gaba. Na danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta, na zaɓi a sabunta saitin da abin da ke kai yanzu. Sunayen biyu suna jere ne, BUGU a sama, WAYA a ƙasa, tsakaninsu bai kai faɗin farce ba. Ƙarfe ɗaya na dare, idona rabi a rufe. Manhaja ba ta yi gardama ba, ni ma ban waiwaya ba. Sunan BUGU yana nan daram, cikinsa ne aka kwashe aka zuba wani abu.

Bayan sati uku Kawu ya kira ni. Kawu ba ya kiran mutum sai da dalili.

"Ɗana, hoton nan da ka ɗauke ni ina zaune, shi nake so a buga min babba. Babba fa, wanda mutum zai gani tun daga ƙofa."

Na ce, "An gama, Kawu. Inci 30 a 20 za a yi maka."

Na lissafa a raina, fiksel 6000 a kan inci 30 ya ba da 200 a kowane inci. Ba 300 da ake so ga hoton da za a riƙe a hannu ba, amma ga hoton bango da za a kalla daga nesa ya isa har da ragi. Na zaɓi hoton Kawu, na haɗa da wasu 139 da 'yan uwa suka ce a buga musu ƙanana, na danna BUGU, na fitar. Aikin da kan ɗauki mintoci ya ƙare kafin in gyara zama. Na ce kai, kwamfutar nan ta warke. Na tura wa mai bugu, hotuna 140 suka tafi cikin ƙiftawar ido. Na ce kai, yau intanet ta yi hankali. Kowane hoto da ya kamata ya haura megabait goma yana yawo a kilobait arba'in da 'yan kai, ni kuwa ina ta yi wa na'ura kirari.

Mai bugu, Allah ya saka masa, ya kira ni.

"Malam, ka duba hotunan nan kuwa? Kamar sun yi ƙanƙanta. Kuma akwai wani rubutu..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce masa da saitina na bugu na fitar da su, saitin da na shekara uku ina aiki da shi, ya buga kawai. Har na ƙara da cewa na san aikina. Ya yi shiru, ya ce, "To, Malam, yadda ka ce." Yanzu in na tuna wannan "to" ɗin sai in ji akwai tausayi a cikinta. Girman kai dai rawanin tsiya ne, ni kuma ranar na naɗa shi har da kunnuwa biyu.

Babban kuskuren shi ne ban je na karɓa da kaina ba. Auta na aika, na ce ya wuce da babban kai tsaye wurin Kawu, a naɗe cikin takarda. Daga baya na gane munafukin ya leƙa a hanya, ya gani, ya mayar da takardar ya manne, ya ƙara sauri.

Ina isowa na tarar an jingina firam ɗin da bango, mutane sun tsaya cirko-cirko ba mai magana. Fiksel 600 aka baje a kan inci 30, wato 20 kacal a kowane inci. JPEG kuma yana matse hoto ne murabba'i-murabba'i, fiksel takwas-takwas, kuma idan inganci ya yi ƙasa sai murabba'an su fito fili. A wannan girman kowane ɗaya ya kai kusan santimita guda. Fuskar Kawu ta koma kamar an gina ta da bulo. Hancinsa bene ne mai hawa uku, gilashinsa ya narke ya shiga gira, idanunsa biyu kuwa wasu baƙaƙen akwatuna ne da ba za ka rantse a buɗe suke ba. A ƙasa, fari fat, rubutun da shi kaɗai ake iya karantawa daga ƙofa: SARKIN BARCI.

Abin da ya sa kowa ya ƙame shi ne Kawu mutum ne da kan yi gyangyaɗi ana tsakiyar magana da shi, ya farka ya ce yana ji. Shekara da shekaru babu wanda ya taɓa furta wannan a gabansa. Ni na zo na buga shi, na sa a firam.

Kawu ya cire gilashi ya goge, ya mayar, ya matsa kusa, ya ja baya. Sannan ya juyo.

"Ɗana, wannan sarautar wa ya ba ni?"

Na so ƙasa ta tsage. Na fara bayanin fiksel da saiti da linzami, ina jin kaina kamar mai kare kansa a gaban alƙali da yaren da alƙalin ba ya ji. Inna ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Auta ya fita waje, muna jiyo shi. Sauran 139 ɗin ma duk sarakunan barci ne, har da jaririya, wadda ita kaɗai ce ta cancanta.

Abin da ya cece ni shi ne ɗanyen fayil da ba a taɓa ba. A daren na mayar da BUGU yadda yake, na sake fitarwa, na ba mai bugu haƙuri da murya ƙasa-ƙasa. Daga nan na shiga ɗaukar mataki kamar wanda ɓarawo ya taɓa shiga gidansa. Na canza sunan ya koma BUGU 6000 95 BA TAMBARI, don sunan da kansa ya riƙa gaya min abin da ya kamata in gani. Na ƙirƙiri na uku mai suna WASA, na tura shi can wani rukuni nesa da sauran, duk shirme a can ake yinsa. Na gano cewa a tawa manhajar kowane saiti ɗan ƙaramin fayil ne a wata folda, sai na kwafe foldar na ajiye a wuri biyu, sannan na shiga bayanan fayil ɗin BUGU a Windows na yi masa alamar a karanta kawai, ba a rubuta a kansa. Kuma yanzu duk abin da na fitar sai na buɗe hoto ɗaya na duba girmansa kafin ya bar kwamfutata.

Wata biyu bayan haka na sayi sabuwar kyamara, na so in gyara BUGU ya dace da ita. In gyara, in rufe manhaja, in buɗe, ya koma yadda yake. Sau biyar. Na kashe kwamfuta na kunna, na zagi wanda ya ƙirƙiri manhajar da kakansa, har na fara neman wata. Sai wajen awa biyu na tuna wanda ya kulle ƙofar.

Sabon hoton yana bangon Kawu, tas da shi, kana iya ƙirga furfurar gemunsa. Tsohon kuwa ya hana a jefar. Ya sa an rataye shi a ɗakin da yake kishingiɗa da rana, kuma duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ya nuna masa, ya ce ga aikin ɗansa mai kwamfuta.