Audu Ogbeh ya rike fartanya kafin ya rike ofis

Jama'a ni dai har yau gani nake ba a yi wa marigayi Audu Ogbeh, tsohon ministan noma, adalci ba. Da an ambaci sunansa sai ka ji wani ya ce ai shi ne mai shigo da ciyawa daga Brazil, shikenan an gama da shi, wallahi abin yana min ciwo.

Mutumin nan dan Idoma ne daga Binuwai, an haife shi a 1947, ya koyar a ABU Zariya, ya yi minista zamanin Shagari. Da sojoji suka kifar da gwamnati a karshen 1983 bai tsaya zaman jiran mukami ba, gona ya koma, ya kafa injin casar shinkafa, ya dasa kashu, ya yi kiwon kaji, shekara da shekaru yana ciki. Ya dawo ya shugabanci PDP daga 2001 zuwa 2005, sannan Buharin da ya hambarar da su shi ne ya ba shi ministan noma a 2015.

Abin da ya sa nake girmama shi, in yana magana ka san ya taba asara a gona. Kullum kukansa kudin ruwan banki, don wanda ya ci bashi da ruwa sama da ashirin cikin dari ya zuba a kasa yana jiran damina ya san ba fita zai yi ba, ko da kuwa an samu albarka. Wanda bai taba biyan lebura ba taki ya kare masa a tsakiyar aiki ba zai gane wannan ba.

Maganar ciyawar ma fa, me ya fada da ba daidai ba? Shanu sai da abinci, burtali da makiyaya an cinye su da gonaki da gidaje, shi kuma cewa yake a noma wa dabbobi ciyawa mai kyau su zauna wuri guda. Ya fadi haka alhali jiharsa ce ta kafa dokar hana kiwon sake a 2017, nasa suna zaginsa, mu ma muna masa dariya. Sai ga shi a 2024 an bude ma'aikatar kiwo sukutum.

Ban ce bai yi kuskure ba, fitar da doya waje a 2017 an yi garaje. Amma kudin Anchor Borrowers, shirin ba manoma rance da aka kaddamar a Kebbi, a hannun Babban Banki suke, ba a teburinsa ba, ya za a dora masa laifin bashin da ba shi ya raba ba?

Ya bar ofis a 2019, ya shugabanci kungiyar tuntuba ta Arewa, ACF, daga 2020, ya rasu a Agustan 2025 yana da shekara 78.