Ana cinye tsakar gidajen Nima da sunan gyara

Jama'ar Nima da Maamobi, unguwannin birnin Accra na Ghana, abin da muke yi wa gidajen gado ba gyara ba ne, ko da an shafa musu fenti mai tsada.

Kakanninmu da suka zauna nan tun zamanin Malam Amadu Futa, wanda ya kafa Nima, a shekarun 1930, ɗakuna suka jera kewaye da tsakar gida. Nan ake girki da shanya, nan ake suna, nan ake wanke gawa. Yau mai gida na rasuwa, kowane magaji zai ja bulo daga ƙofar ɗakinsa ya ci taku uku, wai ciki da falo yake so. Na kusa da shi ya ga haka, shi ma ya rama. Kafin ka ankara gida ya koma lungu, har makara sai an karkata ta kafin ta fita. Tsohuwar da ke ɗakin ƙurya kuwa an toshe mata taga ɗayar da take da ita, da tsakar rana sai ta kunna fitila.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne bayi. A fasa shi a mayar ɗakin haya, a bar mutum talatin suna bin layin bayin gwamnati da asuba, da kuɗinsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ɗan haya zai dire kuɗin shekara biyu, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa. Na san sidi, kuɗinmu na Ghana, na wuya, amma ba da bayi ake rufa asiri ba.

Sai masu ɗora bene kan tsohon bango. Tushen da aka haƙa don ɗaukar kwano, an aza masa kankare da rodi, mai gini ya ce ai zai ɗauka. Da wane lissafi? Accra gari ne da girgizar ƙasa ta taɓa rushe gidaje a 1939, kuma ba mu manta benen kantin da ya rufta a Achimota a 2012 ba.

Su kuma tagogin gilashi masu zamewa da aka ɗauka wayewa ce, rabi kawai suke buɗuwa. Ranar da aka ɗauke wuta za ka ga mai su a kan tabarma a waje, in ya samu wajen shimfiɗa ta.